Sauye-sauyen dokoki da haraji ga masu gidajen haya a Ingila

A ranar 27 ga watan Oktoban 2025 ne Sarki Charles na Uku ya amince da Dokar Haƙƙin 'Yan Haya, wadda ta soke ikon da masu gidaje a Ingila suka shafe fiye da shekaru 30 suna da shi na tashin ɗan haya ba tare da sun faɗi dalili ba.

Gwamnati ta tsayar da ranar 1 ga watan Mayun 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyan sassan dokar.

Wannan doka ita ce ta fi jan hankali, amma ta zo ne a bayan jerin sauye-sauyen da aka faro tun 2015, waɗanda suka taɓa haraji, da lafiyar gini, da kuɗin da ake karɓa a hannun ɗan haya, har ma da binciken takardun baƙi.

A da, wanda ya sayi gida ya zuba 'yan haya yana iya ɗaukar abin tamkar ajiya ce da ke haihuwa da kanta. Yanzu hukuma na kallonsa a matsayin mai sana'a, wanda tilas ya yi rajista, ya adana takardu, ya kuma biya tara mai nauyi idan ya kauce.

Alkaluman gwamnati sun nuna cewa kimanin mutane miliyan 11 ne ke zaune a gidajen haya na masu zaman kansu a Ingila, a hannun masu gidaje kimanin miliyan 2.3. Fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗannan masu gidaje, gida ɗaya tak suke bayarwa haya.

Batun ya shafi 'yan Najeriya ta fuska biyu: akwai waɗanda suka mallaki gidaje a London da Manchester da Birmingham alhali suna zaune a gida, akwai kuma ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke neman wurin zama a waɗannan birane.

Yadda aka faro

Lokacin da aka gama yaƙin duniya na ɗaya, galibin iyalai a Birtaniya haya suke yi a gidajen masu zaman kansu. Dokokin ƙayyade kuɗin haya da aka yi ta kafawa bayan nan, tare da gidajen da ƙananan hukumomi suka gina, sun sa harkar ta yi ta ja da baya, har ta kai ƙasa da kashi 10 cikin 100 na gidaje a ƙarshen shekarun 1980.

Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta juya akalar da dokar gidaje ta 1988. Dokar ta bar kasuwa ta yanke kuɗin haya, ta kuma shigo da abin da aka fi sani da Sashe na 21, wanda ya ba mai gida damar karɓar gidansa da takardar sanarwa ta wata biyu da zarar wa'adin yarjejeniya ya cika.

A 1996 bankuna suka fara ba da wani rance na musamman domin sayen gidan da za a ba da haya. Da yake banki ya san ana iya fitar da ɗan haya cikin sauƙi a sayar da gidan idan bashi ya taru, bai ji tsoron ba da kuɗinsa ba.

Malaman makaranta, da likitoci, da masu shaguna, da waɗanda suka yi ritaya duk suka shiga harkar. Cikin kimanin shekaru 15 daga farkon shekarun 2000, yawan iyalan da ke haya a gidajen masu zaman kansu ya ninka, ya kai kusan gida ɗaya cikin kowane biyar.

Daga nan ne siyasar ta sauya. Matasan da suka kasa sayen gida, har suka yi aure suka haihu a gidan haya, sun zama masu ƙuri'a da yawa, kuma manyan jam'iyyun biyu duk sun lura da hakan.

Harajin kuɗin ruwa

A watan Yulin 2015 ministan kuɗi na lokacin, George Osborne na jam'iyyar Conservative, ya sanar da matakin da masu gidaje suka fi kuka da shi har yau, wato Sashe na 24 na dokar kuɗi ta wannan shekarar.

Kafin wannan mataki, mai gida na cire kuɗin ruwan da ya biya banki daga kuɗin hayar da ya karɓa, sannan a yi masa haraji a kan abin da ya saura. An fara janye wannan dama kaɗan-kaɗan daga Afrilun 2017, aka kammala a Afrilun 2020.

Tun daga lokacin, ana lissafa haraji ne ba tare da an cire kuɗin ruwa ba, daga baya sai a rage wa mutum kashi 20 cikin 100 na kuɗin ruwan daga harajin da ya hau kansa.

Ga wanda ke biyan haraji a matakin ƙasa na kashi 20, sau da yawa lissafin kan fito daidai da na da. Wanda ke matakin kashi 40 ko 45 shi ne ya ji a jikinsa.

A ɗauki misalin mutumin da ke matakin kashi 40, wanda ke karɓar hayar fam 15,000 a shekara, yana biyan banki ruwan fam 9,000, yana kuma kashe fam 1,000 a gyare-gyare. Ribarsa ta zahiri fam 5,000 ce. A tsohon tsari harajinsa fam 2,000 ne, ya tashi da fam 3,000.

A sabon tsari za a yi masa haraji a kan fam 14,000, wato fam 5,600, a rage masa fam 1,800. Zai biya fam 3,800, ya tashi da fam 1,200.

Idan kuwa kuɗin ruwan ya hau zuwa fam 12,000, ribarsa ta zahiri ta koma fam 2,000, amma harajinsa zai kama fam 3,200. Ke nan sai ya ciro fam 1,200 daga aljihunsa ya cika wa hukuma.

Wannan misali na ƙarshe shi ne ya faru da mutane da dama, bayan da Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 cikin 100 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a watan Agustan 2023, kafin ya fara sassautawa a 2024.

Akwai wata illa da ba kowa ya hango ba tun farko. Da yake yanzu kusan dukkan kuɗin hayar ake ƙirgawa cikin kuɗin shigar mutum, wasu da a da suke matakin ƙasa sun tsinci kansu a matakin kashi 40, wanda ke farawa daga fam 50,270 a shekara.

Masu gidaje sun garzaya babbar kotu a 2016 suna neman a duba halaccin matakin, inda Cherie Blair, matar tsohon firayim minista Tony Blair, ta tsaya musu a matsayin lauya. Kotu ta ƙi ba su izinin ci gaba da ƙarar.

Musulmin da suka kauce wa bashin ruwa, suka sayi gidajen haya ta tsarin haɗin gwiwa da bankunan Musulunci kamar Al Rayan da Gatehouse, su ma abin bai tsallake su ba. Hukumar haraji ta HMRC na ɗaukar ribar da suke biyan bankin daidai da kuɗin ruwa wajen wannan lissafi.

Kamfanoni dai dokar ba ta shafe su ba, suna ci gaba da cire kuɗin ruwa gaba ɗaya. Shi ya sa dubban masu gidaje suka kafa ƙananan kamfanoni suna sayen sabbin gidaje da sunansu.

Sai dai mayar da tsohon gida hannun kamfani tamkar sayarwa ce a idon doka, saboda haka harajin saye da na riba kan biyo baya. Kamfanin kuma zai biya nasa harajin na kashi 19 zuwa 25 cikin 100, kafin mai shi ya sake biyan wani idan ya ciri ribar.

A kasafin kuɗin watan Nuwamban 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da ƙarin maki biyu a harajin kuɗin haya daga Afrilun 2027, inda matakan za su koma kashi 22, da 42, da 47 cikin 100.

Saye da sayarwa

A Ingila mai sayen gida na biyan harajin hatimi gwargwadon darajar gidan. Daga Afrilun 2016 aka ɗora ƙarin kashi 3 cikin 100 a kan duk wanda ke sayen gida alhali yana da wani. An ɗaga ƙarin zuwa kashi 5 a ranar 31 ga Oktoban 2024.

Haka kuma tun Afrilun 2021, wanda ba mazaunin Birtaniya ba ne yana biyan wani ƙarin na kashi 2 cikin 100. A nan ma'aunin shi ne ko mutum ya yi kwana 183 a ƙasar cikin watanni 12 da suka gabaci cinikin.

Abin lura ga masu saye daga Najeriya shi ne, gidan da ake ƙirgawa ba sai yana Birtaniya ba. Wanda ke da gida a Kano ko Abuja da darajarsa ta kai fam 40,000, to gidan da zai saya a London na biyu ne a wurin hukumar haraji.

Bisa farashin da ya fara aiki a Afrilun 2025, gidan fam 300,000 harajinsa na asali fam 5,000 ne. Idan gida na biyu ne ya zama fam 20,000. Idan mai sayen ba mazaunin ƙasar ba ne kuma, fam 26,000.

Ƙa'idar na da sarƙaƙiyar da ta kayar da wadda ke riƙe da ma'aikatar gidaje ita kanta. A watan Satumban 2025 Angela Rayner ta sauka daga muƙamin mataimakiyar firayim minista, bayan ta amsa cewa ba ta biya wannan ƙari ba, kimanin fam 40,000, a kan wani gida da ta saya a garin Hove.

A ɓangaren sayarwa akwai ɗan sauƙi da kuma tsanani. An rage harajin ribar sayar da gida na matakin sama daga kashi 28 zuwa 24 cikin 100 a Afrilun 2024, na ƙasa kuma yana nan a kashi 18.

Amma ribar da ake yafe wa haraji a shekara ta sauko daga fam 12,300 zuwa fam 6,000 a 2023, sannan fam 3,000 a 2024. Kuma dole a sanar da hukuma a biya cikin kwana 60 da kammala ciniki.

An kuma soke rangwamen kashi 10 cikin 100 da ake yi wa masu ba da gida da kayan ɗaki tun 2016, kana a Afrilun 2025 aka janye gatan da masu ba 'yan yawon buɗe ido hayar gidaje suke da shi.

Me sabuwar dokar ta ƙunsa?

Alkawarin soke Sashe na 21 ya daɗe. Gwamnatin Theresa May ce ta fara yinsa a Afrilun 2019. Michael Gove ya gabatar da ƙuduri a 2023, amma ya sha jan ƙafa daga wasu 'yan majalisar jam'iyyarsa, ƙudurin kuma ya mutu da aka kira zaɓen 2024. Gwamnatin Labour ta kawo nata a watan Satumban wannan shekarar.

A ƙarƙashin dokar, babu sauran yarjejeniyar wata shida ko shekara ɗaya. Kowace haya tana tafiya ne wata-wata ba tare da ranar ƙarewa ba, har da waɗanda aka ƙulla tun kafin dokar. Ɗan haya na iya tashi a duk lokacin da ya ga dama, muddin ya ba da sanarwar wata biyu.

Mai gida kuwa sai ya kawo ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa, idan kuma ɗan haya ya ƙi fita, sai ya tabbatar da dalilin a gaban alƙali.

Idan yana son sayar da gidan, ko ya koma ciki da kansa, ko ya zaunar da wani na jikinsa kamar mahaifi, ko ɗa, ko jika, ko ɗan'uwa, zai ba da sanarwar wata huɗu. Ba zai iya fitar da ɗan haya da wannan dalili ba cikin watanni 12 na farkon zama.

Domin toshe ƙofar yaudara, wanda ya fitar da mutum da sunan zai sayar ko zai koma, ba shi da ikon sake ba da gidan haya har tsawon watanni 12. Wannan sharaɗi na iya cutar da mai gaskiya ma, domin idan gidan ya ƙi sayuwa zai zauna babu kowa a ciki, bashin banki kuma na tafiya.

Game da bashin haya, a da wata biyu ne ke wajabta wa alƙali ya ba da umarnin fita. Yanzu sai ya kai wata uku, wa'adin sanarwar kuma ya tashi daga mako biyu zuwa huɗu. Inda ɗan haya ke addabar maƙwabta, ana iya shigar da ƙara nan take.

Ƙarin kuɗin haya sau ɗaya ne kawai a shekara, a kan takardar da hukuma ta tanada, tare da sanarwar wata biyu. Ɗan hayan da ke ganin ƙarin ya zarce farashin kasuwa na iya kai kuka kotun musamman ta harkokin gidaje.

A tsohon tsari wannan kotu na iya yanke kuɗin da ya fi wanda mai gida ya nema, abin da ke sa mutane tsoron zuwa. Yanzu ba za ta haura abin da ya nema ba, kuma sabon farashin ba ya komawa baya.

Dokar ba ta ƙayyade kuɗin haya ba. Gwamnati ta ce ba ta goyon bayan yin hakan, duk da kiraye-kirayen da magajin garin London Sadiq Khan ya daɗe yana yi na a ba shi wannan iko.

An haramta gwanjon haya, inda dillali kan tara masu nema ya ba wanda ya fi tayi. Tilas a rubuta farashi a talla, kuma laifi ne a karɓi abin da ya fi shi. An kuma haramta ƙin ba mutum gida don yana da 'ya'ya ko don yana karɓar tallafin gwamnati. Wanda ya nemi izinin ajiye kare ko kyanwa, ba za a hana shi ba sai da hujja mai ƙarfi.

Ƙananan hukumomi ne ke da alhakin hukunci. Suna iya cin tarar da ta kai fam 7,000 a kan ƙaramin laifi, da fam 40,000 a kan babba ko wanda aka maimaita. Kotu kuma na iya umartar mai gida ya mayar wa ɗan haya kuɗin hayar da ya kai na shekara biyu, maimakon shekara ɗaya a da.

Akwai sassan da aka tsara su biyo baya: rumbun bayanai na intanet inda kowane mai gida zai yi rajistar kansa da gidajensa, da kuma ofishin sauraron koke-koke wanda hukuncinsa zai hau kan masu gidaje ba tare da an je kotu ba.

Kuɗin gaba da 'yan ƙasashen waje

Sashen da ya fi shafar baƙi shi ne na kuɗin gaba. Mai gida ba zai karɓi ko kwabo na haya ba kafin a sa hannu a yarjejeniya, bayan sa hannu kuma iyakarsa kuɗin wata ɗaya.

Ga wanda ya saba da Kano ko Kaduna, inda ake biyan shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin a miƙa makulli, wannan zai zo da mamaki. Ko a jihar Legas, dokar haya ta 2011 shekara ɗaya ta amince a karɓa daga sabon ɗan haya.

Manufar ita ce a kare marasa ƙarfi daga masu kuɗin da ke iya zube na wata shida nan take. To amma ɗalibin da ya sauka daga Najeriya ba shi da tarihin biyan bashi a Birtaniya, sau da yawa kuma ba shi da mazaunin ƙasar da zai tsaya masa. Biyan wata shida ko shekara a gaba shi ne abin da ke sa mai gida ya yarda da shi.

Da aka rufe wannan hanya, abin da ya rage wa irinsa shi ne ya biya wani kamfani ya tsaya masa, ko ya nemi ɗaki a gidajen kwanan jami'a da manyan gine-ginen ɗalibai, waɗanda galibinsu sabon tsarin bai shafa ba, amma sun fi tsada.

Wannan ƙari ne a kan dokar 2019 da ta hana dillalai karɓar kuɗin rubuta yarjejeniya da na bincike daga 'yan haya, ta kuma taƙaita kuɗin ajiya zuwa hayar mako biyar. Tun 2007 ake wajabta sanya kuɗin ajiyar a ƙarƙashin ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su, wa'adin yin hakan kuma kwana 30 ne.

Sai kuma binciken izinin zama. Tun Fabrairun 2016 doka ta ɗora wa mai gida a Ingila nauyin tabbatar da cewa duk baligin da zai zauna a gidansa na da izinin zama a ƙasar. A Fabrairun 2024 aka ɗaga tarar zuwa fam 10,000 a kan kowane mutum a karon farko, da fam 20,000 idan aka sake. Wanda ya aikata da gangan na iya shan ɗaurin shekara biyar.

Babbar kotu ta yanke hukunci a 2019 cewa tsarin na jawo nuna bambanci ga baƙi da tsirarun ƙabilu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2020, tsarin ya ci gaba.

Lafiyar gini

A nan sauye-sauyen sun zo ne ɗaya bayan ɗaya. Binciken bututun iskar gas kowace shekara tsohuwar ƙa'ida ce. A 2015 aka wajabta ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, a 2020 kuma aka shigo da binciken wayoyin lantarki duk shekara biyar. Tun Maris na 2019 ɗan haya na iya kai mai gida kotu kai tsaye idan gidan bai dace da zaman ɗan Adam ba.

Gidan da mutum biyar ko fiye, waɗanda ba iyali ɗaya ba, suke zaune suna haɗa kicin ko banɗaki, sai da lasisi. Tun 2018 ɗakin kwanan baligi ɗaya a irin wannan gida ba zai gaza murabba'in mita 6.51 ba.

Wasu ƙananan hukumomi kuma na neman lasisi a kan kowane gidan haya a unguwannin da suka zaɓa, kuma ƙa'idar ta bambanta daga wannan titi zuwa wancan. A Oktoban 2025 Rachel Reeves ta nemi afuwa bayan an gano ta ba da gidanta na yankin Southwark haya ba tare da irin wannan lasisi ba.

Kowane gida na da takardar da ke nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga matakin A zuwa G. Tun Afrilun 2020 ba a ba da hayar wanda ke ƙasa da matakin E. Rishi Sunak ya yi watsi da shirin ɗagawa zuwa C a 2023, amma gwamnatin Labour ta dawo da shi, ta sa 2030 a matsayin wa'adi. Tsofaffin gidajen bulo na zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda suka cika biranen arewacin Ingila, su ne za su fi cin kuɗi.

Sabuwar dokar ta kuma ba da ikon faɗaɗa Dokar Awaab zuwa gidajen masu zaman kansu. An sa mata sunan Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, wanda ya rasu a garin Rochdale a Disamban 2020 sakamakon funfunar da ta mamaye gidansu. Dokar na tilasta bincike da gyara cikin ƙayyadaddun kwanaki, ta kuma fara aiki a gidajen hukuma da na ƙungiyoyi a Oktoban 2025.

Wanda ke zaune a waje

Mai gidan da ke zaune a wajen Birtaniya fiye da wata shida a shekara yana ƙarƙashin wani tsari na daban. Dillalinsa zai riƙa cire harajin matakin ƙasa daga kuɗin haya yana miƙa wa hukuma, sai fa idan ya nemi izinin karɓar kuɗinsa cikakke, ya cike takardar haraji da kansa a ƙarshen shekara. Inda babu dillali, ɗan hayan da ke biyan fiye da fam 100 a mako shi ke da nauyin cirewa.

Najeriya da Birtaniya na da yarjejeniyar kauce wa haraji sau biyu tun 1987, amma ba ta hana Birtaniya karɓar haraji a kan gidan da ke ƙasarta ba.

Ɓoye suna a bayan kamfanin da aka yi wa rajista a wani tsibiri ma ya yi wuya. Tun Agustan 2022, bayan mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine, duk kamfanin waje da ke da gida ko fili a Birtaniya sai ya bayyana ainihin masu shi. Wanda bai yi ba, ba zai iya sayar da kadarar ko jinginar da ita ba.

Harajin gado kuwa kashi 40 cikin 100 ne a kan abin da ya haura fam 325,000, kuma tun 2017 yana hawa kan gidan zama ko da kamfanin waje ne ke riƙe da shi. Ana fitar da shi ne kafin magada su raba abin da ya saura.

Daga Afrilun 2026, wanda kuɗin da ke shigo masa daga haya da sana'ar kansa ya haura fam 50,000 a shekara zai riƙa adana lissafinsa a kwamfuta, yana aika wa hukumar haraji bayani duk wata uku. Mizanin zai sauko zuwa fam 30,000 a 2027, da fam 20,000 a 2028. Jimillar kuɗin da aka karɓa ake dubawa kafin a cire komai, saboda haka gida ɗaya a London ya isa ya shigar da mutum ciki.

Sauran sassan Birtaniya

Dokokin haya na Ingila ba su aiki a sauran yankunan. Scotland ta riga ta soke tashin ɗan haya ba dalili a sabbin yarjejeniyoyi tun Disamban 2017, ta kuma taƙaita ƙarin kuɗin haya na wani lokaci daga 2022. Ƙarin harajin sayen gida na biyu a can kashi 8 cikin 100 ne tun Disamban 2024.

Wales ba ta soke ba, amma tun Disamban 2022 ta mayar da wa'adin sanarwa wata shida.

Muhawarar da ake yi

Ƙungiyar masu gidajen haya ta NRLA na cewa damuwarta ita ce kotuna. A da, Sashe na 21 na tafiya ne galibi a kan takarda ba tare da zaman sauraro ba, alhali yanzu duk takaddamar da ɗan haya ya ƙi fita sai an saurare ta, a kotunan da dama can shari'o'i sun yi musu yawa. Ta kuma yi gargaɗin cewa idan ƙananan masu gidaje suka sayar suka fice, gidajen haya za su ragu, farashi ya hau.

Ƙungiyoyin kare 'yan haya kamar Shelter da Generation Rent na cewa gidan da aka sayar ba rushe shi ake yi ba, wani ne zai saya ya zauna ko ya sake ba da shi haya. A ganinsu, tsoron takardar sallama ne ya sa mutane suka daɗe suna zaune cikin danshi ba su iya neman gyara ba. Abin da suke ƙorafi a kai shi ne, mai gidan da ke son korar mutum na iya yin hakan ta hanyar ƙara kuɗi zuwa farashin kasuwa, wanda a London ya riga ya fi ƙarfin talaka.

Aiwatarwa kuma na hannun ƙananan hukumomin da aka yi shekaru ana rage musu kasafi, wasunsu da jami'an duba gidaje 'yan ƙalilan. Dokar ta ba su damar riƙe kuɗin tarar da suka ci, domin su yi amfani da shi wajen wannan aiki.